Hoton Furen Gurjiya

Shekarun baya, bayan na gama hidimar ƙasa a Jos na dawo Jega ina koyarwa, na dawo da wata ɗabi'a da mutanenmu ba su saba gani ba. Duk inda na ga fure sai na tsaya na ɗauke shi hoto. Furen albasa a gonakin Aliero, tumfafiya a bakin kwata, kariya a ƙofar makaranta, babu wanda nake bari. Mahaifiyata kan ce an tura ni koyo, na dawo da kallon ciyawa.

Wata Asabar da rani matar abokina ta haihu a Maiyama, sai na hau babur zan tafi barka. A lokacin hankalin mutane ba a kwance yake ba. Ko'ina maganar masu satar mutane ake yi, da waɗanda ke shiga gari suna leƙa musu gidaje. Na san da haka sarai, amma ban taɓa kawo wa raina cewa maganar za ta shafe ni ba.

A bakin wani ƙauye na hangi bishiyar gurjiya a bayan katangar wani babban gida. Babu ganye ko ɗaya a jikinta, sai fure ja jawur. Na faka babur, na ciro waya. Na ɗauka ta gaba, rana ta ɓata hoton. Na zagaya ta baya. Katanga ta tare ni, sai na taka wani tudun ƙasa na ɗaga hannu sama.

"Kai! Sauko nan!"

Na juya. Mutum huɗu ne 'yan sa-kai, biyu da bindigar gargajiya. Babbansu ya miƙo hannu.

"Miƙo wayar. Mi kaka ɗauka?"

Na ce fure. Ko ni da na faɗa, na ji maganar ba ta da kan gado.

Suka sa ni gaba zuwa zauren maigari, ɗaya yana tura babur ɗina. A hanya na ji abin da ya kashe mini jiki. Gidan na wani ɗan kasuwar albasa ne, kuma a makon nan aka aiko masa da barazana. Kafin mu isa, mutane sun fara biyo mu. Na ji wata murya a baya tana cewa, "An kama guda." 

A zauren na durƙusa na yi gaisuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ku duba wayar, za ku ga babu komai sai furanni." Ina tsammanin hakan zai wanke ni. Babban 'yan sa-kan ya fara zuge hotunan, yana nuna wa maigari.

"Ga ƙohwar gida. Ga wata ƙohwa. Wanga ai gidan mai na. Ga katangar makaranta. Ranka shi daɗe, duk gidajen mutane na ciki."

Wallahi sai a ranar na lura. Shekara biyu ina ɗaukar fure, ban taɓa kallon abin da ke bayansa ba. Kowane hoto da ƙofar wani, ko tagar wani, ko motar wani.

Na roƙa a bar ni na kira abokina. Aka ba ni, na kira sau uku bai ɗaga ba, yana cikin hidimar baƙi. Hayaniyar waje kuwa sai ƙaruwa take yi. Na tuna ban ko faɗa wa mahaifiyata hanyar da na bi ba.

Akwai wani dattijo a gefe, yayan maigari. Ya nemi a ba shi wayar. Ya kawo ta kusa da idonsa, ya nuna mini wani hoto.

"Yaro, mi as sunan wanga?"

Na faɗi sunan Turanci da na koya a Jos. Ya ce da Hausa yake tambaya. Na ce ban sani ba. Ya nuna mini wani.

"Wanga hwa?"

Shi ma ban san shi ba. Cikin biyar, biyu kaɗai na sani. Na ce a raina shi ke nan, na gama yawo.

Sai ya tsaya a kan wani hoto na wata 'yar ciyawa mai shuɗin fure, wadda na ɗauka a bakin kwata a Jega. Ya tambaye ni yadda aka yi na same ta kusa haka. Na ce kwanciya na yi rub da ciki.

"Da rigarka? Mutane na wucewa?"

Na ce eh, Baba.

Ya yi dariya har da tari. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Ɓarawo ba shi kwanciya cikin kwata don ciyawa. Duba da kyau, ƙohohin duk sun yi dishi-dishi, hure kaɗai ya hito. Wanga ba mugu ba na, rashin aikin yi ad damu nai."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Duk da haka ba su sake ni ba sai da abokina ya kira, ya haɗa su da limamin unguwarsu ya yi mini shaida. Aka sa na goge hotunan gidan a gabansu. Da na fito, sai da na zauna na sha ruwa kafin na hau babur. Na isa barka bayan la'asar, ban iya cin komai ba.

Ban taɓa jin haushin mutanen nan ba. Tsoronsu na gaske ne, ni ne na shigo musu ido rufe. Ina ganin fure, su kuwa suna ganin baƙo yana leƙa gidan da 'ya'yansu ke kwana.

Har yau ina ɗaukar hoton furanni. Amma yanzu sai na yi sallama, na gaisa, na tambayi mai gida ko zan iya, na kuma tambaye shi sunan abin. Wasu su yi dariya, wasu su hana, na yi godiya na wuce. Kuma har gobe, in na ɗaga waya na ji an yi gyaran murya a bayana, sai gabana ya faɗi.