Baba Mai Keke da Awa Goma Sha Biyu

Kullum da safe, kafin a fara awon kaya, Baba Mai Keke ya riga ya goge kekunan marasa lafiya da ke ƙofar filin jirgin sama, ya gwada birkin kowanne. Shekara talatin yana tura tsofaffi har bakin jirgi, shi kuwa bai taɓa tashi sama ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Masu shara sun ce ya san nisan kowace tafiya kamar hanyar gidansa, don duk tsohon da ya sauko sai ya tambaye shi awa nawa ya zauna, ƙafa ta kumbura ko ba ta kumbura ba.

Ni ta hanyar abin kunya na san shi. Bara na kai mahaifiyata za ta wurin ƙanwata a wata ƙasa mai nisa. Tikiti ya ce tashi ƙarfe goma na safe, sauka ƙarfe uku na rana. Na ƙirga da yatsu, awa biyar. Sai na cusa allurar ciwon sukarinta cikin babban akwati, aka auna, aka wuce da shi ciki.

Baba na gyara mata zama a keke ya ce, "Mama, ina maganinki?"

"Yana akwati. Yaron nan ya ce ƙarfe uku zan isa."

Ya juyo gare ni. "Ɗana, ukun can ce fa. Agogonsu na bayan namu da awa bakwai. Awa goma sha biyu za ta yi a sama."

Girman kai rawanin tsiya. Na ɗaga murya har mutane suka waiwayo, na ce, "Malam, tura keke aka sa ka, ba lissafi ba."

Ya danne birki, ya ɗingisa wurin mai awon kaya, ya yi ta roƙonta har aka fito da akwatin. Ita ce ta juyo mini da kwamfutarta, na ga sha biyun da idona. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Karatu dai an sha shi."

Na sa allurar a jakar hannunta, na sulale ko sannu ban ce masa ba. Sau uku na koma filin bayan nan, ina hango shi sai in sauya ƙofa.

Baba, kai ne ka haɗiye zagin da na yi maka don tsohuwar da ba ka sani ba. Sau biyu ta yi allurar nan a sama, ta sauka lafiya. Allah ya saka maka da alheri. Ku da za ku gaji kekunansa, ku gaji tambayarsa, ko da irina ne zai amsa muku.

Godiya ta yi latti da shekara guda, Baba. Ranar sallamarka ta ƙofarka zan shigo. Ka yafe mini.