Ƙwallo Ɗaya Tilo ta Dunoma

Dunoma ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, ya shekara ashirin yana loda buhunan gyaɗa a tarago. Da ciwon baya ya hana shi aiki, sai ya koma zaman inuwa da cin goro, yana ba da labarin ƙungiyar ƙwallon 'yan dako, wadda ta watse bayan babban yaƙi.

Yakan jero 'yan wasansu kamar mai jan carbi: Kalli mai tsaron gida, mai tafin hannu kamar faifai, da Jumare wanda ba ya gajiya da gudu. In ya zo kan kansa sai ya yi dariya, ya ce shi ƙwallo ɗaya ya taɓa ci a duniya.

A Gashuwa aka yi, ranar da suka kara da masunta. Aka tafi hutu aka dawo, ba wanda ya tuna masa ana sauya gida. Ƙwallo ta faɗo ƙafarsa, ya ga hanya fetal, ba mai tare shi, ya ɗauka tsoronsa ake ji. Ya sheƙa da gudu ya ɗirka wa Kalli ita. Mutanen Gashuwa suka ɗaga shi sama suna guɗa. Sai da ya ga fuskar Kalli ya gane.

"Shekara shida ba ɗan Gashuwan da ya ci Kalli, sai da na taimaka," in ji Dunoma. "Har yau in na je garin, kyauta nake cin kifi."