Amaren Baba Shitu

Duk wanda ya taɓa kai shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, injin casar shinkafa na bakin titin Tudun Wada ya san Baba Shitu. Ni Kyauta kuwa na fi kowa saninsa, don rumfar abincina tana jikin katangar injin. A wurina yake cin shinkafa da wake, yana mitar yaji ya yi yawa yana ƙara barbaɗawa.

Mutumin Dangora ne. Da dako ya fara, ya koma awo, ya koma kula da inji, har mai wurin ya ɗora shi a kan ma'aikata duka. Ba ya zagi, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma in yaronki ba lafiya shi zai ce ki tafi gida. Abu ɗaya Allah ya hana shi: riƙe suna. Duk namiji a wurinsa "ɗan samari" ne, ko da gemunsa ya yi fari. Mata kuwa, masu shanya da masu tsinta, kowacce "amaryata". Wasan kaka da jika ya ɗauko daga zaurensa ya kawo wurin aiki. Wasu kan rama su ce, "Ango, ina cefane?" sai a yi ta dariya.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa amsa masa ba. Juwairiyya, 'yar Yako, mai kula da sikeli. Mijinta ya rasu, kuma aikin nan ne ke riƙe da ita da yaranta biyu. In ya ce "amaryata", sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Shi a ganinsa kunya ce.

Wata rana ta zauna a bencina ta kasa cin abinci. Ta ce, "Yaya Kyauta, ƙarshen wata zan ajiye aiki."

Ashe direbobin da ke kawo kaya sun ɗauki kalmar daga bakin Baba. Daga "amaryar Baba" aka koma "amaryarmu", daga nan sai jingina da sikeli ana tambayar yaushe za ta tare. Raina ya ɓaci sosai. Na ce ta gaya wa tsohon mana.

"Da wane bakin? Sa'an babana ne, kuma shi ke raba aiki."

Ana cikin haka mai injin ya kawo wata lauya daga Kano, Barista Rufaida, don kamfanin da ke sayen shinkafarsu ya ce sai an wayar wa ma'aikata da kai a kan cin zarafi a wurin aiki. Aka taru a rumfar shanya, ni ma na leƙa da ludayi a hannu. Ta yi bayani cewa ba sai an taɓa jikin mutum ba. Sunan da shugaba ke kiran na ƙasa da shi alhali ba ya so, shi ma yana iya kai mutum kotun ma'aikata.

Baba ya ɗaga hannu, ya gyara hula. "Amaryata, wannan ai dokar 'yan birni ce."

Wurin ya kaure da dariya. Mai injin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Lauyar ma ta dara, sannan ta ce, "Baba, sunana Barista Rufaida. Jikarka in ka tsokane ta, tana iya murguɗa maka baki ta ce ka tsufa. Wadda abincinta ke hannunka fa, za ta iya?"

"To ga su nan, tambaye su. Duk 'ya'yana ne."

Sai Juwairiyya ta miƙe ta ce, "Ni ba na so, Baba. Kai da wasa kake, na sani. Amma da ka buɗe ƙofar, direbobi suka shigo."

Ranar Baba Shitu bai zo cin abinci ba. Na tausaya masa, amma ban ce bai cancanta ba.

A gida ma bai samu sauƙi ba. Matarsa Inna Turai, maƙwabciyarmu, ita ta ba ni labari. Da ya kai mata kuka sai ta ce, "Allah ya ƙara. Ni tun da aka kawo ni gidan nan 'ke' nake, ashe amare can suke cike da inji."

Washegari sai ga shi a rumfata tun kafin wake ya nuna. Ya yi ƙasa da murya. "Kyauta, koya mini sunayensu." Nawa ma ya riƙe ne don yana rubuce a jikin rumfar.

Muka fara karatu. Mace ta wuce, in raɗa masa, ya maimaita kamar ɗan aji ɗaya. Khairiyya ta sha zama Zubaida, Zubaida ta sha zama Khairiyya, wani lokaci ya buɗe baki ya yi "ama…" ya ƙarasa da tari. Direbobi kuwa ya tara su a bakin ƙofa ya ce duk wanda ya sake jingina da sikeli, ya nemi wani injin. Kalmar da ya rasa inda zai kai sai ya mayar da ita gida. Inna Turai ta ce da ya fara kiranta amarya sai da ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne. Yanzu ita ke aiko masa da abincin rana a kwano mai murfi, ni ce dai na yi asarar ciniki.

Maganar ajiye aikin Juwairiyya ta kai kunnen Baba, ita kuwa ba ta ce ta fasa ba har wata ya ƙare. Ranar ɗaya ga wata, Baba ya tsaya a bakin ƙofa tun da sassafe, yana motsa leɓe shi kaɗai. Motar Yako ta tsaya, mutane suka sauka, ita ce ta ƙarshe. Ya yi gyaran murya.

"Malama Juwairiyya, an tashi lafiya? Sikelinki na jiranki."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Na'am, Baba. Lafiya lau."