Oba-obar Malamin Safiyo

Shekarun da ake auna hanyar jirgin ƙasa da za ta ratso Bauchi, maigidana yana gyaran agogo da rediyo a Ƙofar Dumi. Damina ta yi ƙarfi, shagon yana yoyo, sai ya riƙa ajiye kayan mutane a ɗakina.

Wata Talata ya shigo da wani koren abu kamar tubali, da dogon tsinke a ka. Ya ce oba-oba ce, ta wani malamin safiyo, Kirista daga kudancin Bauchi, da ita yake magana da ofishinsu daga daji.

"Kada ki taɓa," in ji shi. "Wanda sunansa ke cikin lasin ne kaɗai ke magana da ita. Ko ni gyara ne nawa."

Washegari ya gama gyaran, ya bar ta a kunne don ya gwada batir, ya fita. Ina shara na ɗaga ta, yatsana ya danne wani maɓalli. Har yau ban san abin da ya hau kaina ba. Na kai baki na ce, "Salamu alaikum," na saki. Sai ga muryar namiji, da Turanci, sannan da Hausa: "Wane ne? Faɗi lambarka!"

Na dire ta na yi tsakar gida. Ban gaya wa kowa ba. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in ce 'yan doka ne. Tuwo ya ƙone mini sau biyu. Mai ita ya karɓi abarsa ran Alhamis, amma hankalina bai kwanta ba.

Ran Asabar malamin safiyon ya dawo wurin maigidana. Na laɓe bayan asabari ina jin su. Ya ce an ji muryar mace, kuma oba-obarsa ce kaɗai ba ta ofis a ranar. Ana cewa budurwa ya bai wa, ga shi da iyali. Za a cire sunansa daga lasin, ya koma jan sarƙar awo.

Maigidana ya ce, "Ba wanda ya taɓa ta a gidan nan. Wallahi..."

"Malam, kada ka rantse," na ce. "Ni ce."

 Sai baƙon ya ce, "Uwargida, me kika gaya musu?"

"Sallama kawai."

Ran Litinin suka tafi ofis tare. Aka bar masa sunansa, da takardar gargaɗi, aka kuma hana kai oba-oba gyara cikin gari. Maigidana bai yi mini faɗa ba, amma mako guda in ya shigo abinci kawai yake tambaya.

Bayan girbi matar malamin ta zo da ƙwaryar acca. Ta ce ita ma kwana biyu ta yi ba ta kula mijinta ba, saboda zancen budurwar nan. Na rufe fuska da mayafi. Ta zauna a tabarma ta ce in ba ta ruwa, tafiyar da nisa.