Ruwan Komin Maƙera

Shekarun baya, can baya sosai, zamanin da jakai ke fitar da goro daga Kumasi zuwa arewa, mota kuwa sai ka yini ba ka ga ɗaya ba, alƙalin Zango, unguwarmu a Kumasi, ya taɓa ba ni shekara guda in zama namiji. Haka zan faɗe ta, ba ado. Karatuna bai kai na masu lulluɓe magana ba. Izu bakwai na yi a allo, bokon ma da girmana na tsince shi.

Lokacin ina da kamar shekara ashirin da huɗu, sana'ata ɗaurin goro. Tonawa, wato mutanen Ashanti, su kawo shi daga daji, mu zauna a rumfar maigidanmu mu tsince, mu jera a ganye, mu ɗaure huhu, mu ja igiya. Aikin yatsu ne. Ni kuwa yatsuna biyu na kusa da babban yatsa, gaɓoɓinsu kullum kamar an daka su da taɓarya. Kafin hantsi na gaji. Fatata ta sauya. Dama baƙi ne ni, amma baƙin ya koma wani iri, kamar gindin tukunyar da aka barbaɗa wa toka. Gemu ko ƙwara ɗaya babu, murya siririya. Abokan aiki Gwaggo suke kirana. "Gwaggo, miƙo igiya." In miƙa, har da dariya, don wanda bai yi dariya ba shi ake ƙara wa.

Matata ita ta so ni, babu wanda ya tilasta mata, kuma wannan ne ya fi min ciwo har yau. Kafin aure koko take sayarwa a bakin rumfarmu, kullum ludayina ya fi na kowa cika. Muka yi aure, muka shekara biyu a ɗaki ɗaya kamar wa da ƙanwa. Ba ta gaya wa kowa ba. Innarta ce ta tsare ta da tambaya har ta fashe da kuka, daga nan magana ta kai gaban alƙali.

Ba zan manta zauren nan ba. Tana daga bayan asabari, muryarta kawai ake ji. Ta ce, "Allah gafarta Malam, bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma yadda aka kawo ni, haka nake."

Alƙali ya juyo. "Kai fa? Ƙarya ta yi maka?"

Na ce, "Ba ta yi ba."

Ya ce, "To, littafi ya ba irinka shekara. Damina da rani su wuce a kanka, ka nemi magani. In Allah ya buɗe, matarka ce. In bai buɗe ba, ka sauwaƙe mata."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. A Zango ba a buƙatar mai shela.

Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai" ne kawai. Ran nan ta ce, "Kai, zo nan." Ta ce ta san maganin, nata uban ma da shi yake ɗaga raggon namiji. A maƙera akwai komi, wani dogon akushi na itace cike da ruwa, inda maƙeri ke tsoma jan ƙarfe ya yi cuu ya huce. Ruwan nan baƙi ne, da tsatsa kwance a ƙasansa. Mutanenmu sun yarda duk ƙarfin da ƙarfe ya saki yana cikin ruwan, wanda ya sha kuwa ya ɗauka. Ta ce, "Abin da ya sha gatari da fartanya, kai ne zai gagara?"

Ta shirya da wani maƙeri a unguwarmu. Kullum da sassafe ita da kanta take zuwa da ƙoƙo, tsohuwa da mutuncinta, ta bi ta tsakanin maza ta ɗebo. Ba ta tsaya nan ba. Ta riƙa samo kashin maƙera, wannan dunƙulen da ke saura a murhun maƙeri, ta daka shi lukui ta zuba min a koko. Hanta kuwa, mahauta har sun san ta. Ɗanɗanon ruwan nan kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa. Na riƙa toshe hanci ina shanyewa, ina jira in ji wani abu ya motsa.

To, akwai abin da nake yi tun kafin shari'a wanda ba ta sani ba. Ina da aboki wanzami, rumfarsa na kan hanyar Ashanti New Town. Saboda ciwon gaɓoɓin nan, duk bayan mako biyu ko uku nakan je ya yi min ƙaho. Ya kafa ƙahonin a gadon bayana, ya zuƙa, ya tsattsaga da aska, ya mayar, jini ya taru ya zubar a rami. Mutum ne mai baki. Yakan ce, "Duk Zango kai kaɗai ne askata ba ta san haɓarka ba. Ta san bayanka dai kamar hanyar gidansu." Wata rana ya ɗaga ƙaho ya leƙa ya ce, "Ei, abokina, wannan jini ne ko kunun kanwa? Nauyi gare shi paa." Ni dai na san duk ranar da aka yi min, nakan yi kwanaki jikina sakayau, har in ɗaure huhu goma ban zauna ba.

Wata na biyu da fara shan ruwan, mahaifiyata ta ga ɗigon jini a bayan rigata. Ta sa na tuɓe. Da ta ga tsagar, sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Ni ina yawon maƙera ina tara maka, kai kana kai wa wanzami yana zubarwa a rami? Jinin da ba ka da shi?"

Na ce, "Mma, ina jin sauƙi in an yi."

"Sauƙi za ka kai wa alƙali? In ka sake komawa, nonon da ka sha ban yafe ba."

Wa zai tsallake wannan? Na daina. Ko ta gaban rumfar na daina bi, don kada ya kira ni.

Wata goman da suka biyo, ban taɓa ganin irinsu ba. Abin da ake jira bai motsa ba, sauran jikin kuma ya fara rushewa. Jijiyoyin ƙafata su ɗaure ina tsaka da sallah, in kasa tashi daga sujada. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ana kiɗan gangi a ƙirjina, ta tsaya, ta ci gaba. Wata rana na ɗaga huhu, santsi ya ɗan kwashe ni, na dafa ƙasa da hannu. Dafawar da yaro zai yi ya tashi yana dariya, ni wuyan hannuna ya karye kamar busasshen kara. Mai ɗori ya ce bai taɓa taɓa ƙashin saurayi mai taushi haka ba. Mahaifiyata da ta ji, ta ce ai ka ga ƙarfen bai isa ba, ta mayar da ƙoƙon biyu, safe da yamma.

Matata ce ke miƙo min. Ta durƙusa, ta riƙe har in shanye. Wata yamma ta ce, "Maigida, ni fa ina ga abin nan ƙara maka baƙi yake yi."

Na daka mata tsawa. Na ce ko ta ƙosa shekarar ta cika ne? Ta ɗauke ƙoƙon. Tsawa ɗaya da na taɓa yi mata ke nan a duniya, kuma a kan gaskiyar da ita kaɗai ta gani.

Shekara ta cika ranar wata Alhamis. Ban jira alƙali ya aiko ba. Na je na faɗi abin da za a faɗa, na dawo da azahar na same ta ta ɗaure kwanoninta a zane. Ta share ɗakin tas, ta cika randa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ka yafe min."

Na ce, "Me kika yi?"

Ta ce, "Yoo, shi ke nan. Ka riƙa cin abinci." Ta ɗora kayan a ka ta fita. Daga baya wani mai shanu a Asokore Mampong ya aure ta, ta haifa masa shida. Ban taɓa jin haushinta ba. Nasa dai na ji, ban kuma san fuskarsa ba.

Washegari babu ƙoƙo. Mahaifiyata ta daina kawowa kawai. An gama da ni. Ta juya kan ƙanena, autanmu, wanda take kiran sunansa sau hamsin a yini. Ya kai sha bakwai, shi ma haɓarsa sumul, shi ma ya fara yarfe yatsu in ya yi aiki. Ta ce ni an makara ne, shi za a fara da wuri. Yaron kirki, ya karɓa yana murmushi, har yana tsokanata: "Yaya, kai ka sha na shekara, ni zan shanye komin duka, sai na yi gemu har cibiya."

Ni kuwa da na ga babu mai duban bayan rigata kuma, na koma wurin wanzami. Ba don magani kaɗai ba, in faɗa muku gaskiya. A duk Kumasi shi kaɗai ne mutumin da ke ɗora hannunsa a jikina. Ya gan ni ya ce, "Ango ya dawo." Ya ga ban yi dariya ba, ya ce, "Kwanta." Bai sake tayar da maganar ba. Tun daga ranar ban fasa ba, shi ya rasu ɗansa ya ci gaba.

Ƙanena ya sha ruwan nan shekara shida. Ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ya tashi, ya koma ba ya iya kwanciya sai a jingine, yana jan numfashi kamar mai hawan tudu. Ya rasu da hantsi, kansa a cinyar mahaifiyata, bai kai ashirin da huɗu ba. Mutane suka ce sammu ne. Har aka daina gaisawa da wani gida a kan haka.

Sai da na fara furfura a ka, haɓar dai tana nan yadda take, ƙishirwa da yawan fitsari suka kai ni asibiti. Wani likita Bature ya jujjuya hannuwana, ya danna cikina, ya duba tabon bayana. Ta bakin tafinta ya tambaye ni ko iyayena dangi ne. Na ce 'ya'yan wa da ƙani ne. Ya tambayi yadda ƙanena ya rasu, na faɗa. Aka yi ta gwaje-gwaje, na yi ta zarya. Ranar ƙarshe tafinta ya ce, "Ya ce ciwon gado ne. Jikin kowa yana ɗaukar ɗan ƙarfe daga abinci ya bar saura. Naku ba ya bari, tarawa yake yi. Ƙarfen ya kwanta a hanta, a zuciya, a gaɓoɓi, ya kashe abin da ke sa yaro ya zama namiji, ƙashi ma ya yi taushi."

Na ce, "Ƙarfe ya yi yawa, ko ya yi kaɗan?"

"Yawa."

Sai na gaya musu labarin ruwan komin maƙera. Tafinta ya fassara. Baturen ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce ba ruwan ne ya kawo ciwon ba, da shi aka haife mu, amma an yi ta zuba wa wuta mai. Ya nuna tabon bayana ya ce ba zai rantse ba, amma mai yiwuwa jinin da aka yi shekaru ana zubarwa ne ya sa nake zaune a gabansa. Na tambaye shi ɗayan abin, wanda alƙali ya ba ni shekara a kansa, ko zai motsa. Ya girgiza kai.

Na taka da ƙafa har gida. Mahaifiyata tana da rai a lokacin, ta tsufa, idanu sun tafi. Tana zaune a tabarma tana jan carbi, ta ji takuna.

"Kai ne? Me Baturen ya ce?"

Maganar tana bakina. Shekara ashirin da wani abu ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na dubi hannuwan nan da suka yi shekara bakwai suna ɗaukar ƙoƙo zuwa maƙera.

Na ce, "Ya ce sanyi ne, Mma."

Ta ce, "Ai na sani. Da ka daure ka ci gaba da shan ruwan nan, da yanzu da jikokinka."

Na ce, "Haka ne."

Ta rasu ba ta sani ba, kuma ban yi nadamar hakan ba. Amma kada wani ya ce min na yi abin kirki, don ba daɗi nake ji ba. Ni da aka fid da rai da ni, aka daina dubawa, ni ne na rayu. Wanda aka so, aka tsare shi da kulawa safe da yamma, shi ke kwance a maƙabarta. Na rasa inda zan ajiye wannan a kaina. Ban iya jin haushinta ba, ban iya gode wa sakacin da ya cece ni ba.

Yanzu da babu wanda maganar za ta kashe, na rubuta. In kuna da saurayi a gida da ya wuce lokaci babu gemu, yana duhu, yana kukan yatsu, ku kai shi a duba jininsa kafin ku ɗura masa abin ƙarfi. Kuma in ya ce muku ga abin da ke ba shi sauƙi, ku saurare shi. Ni na faɗa sau ɗaya, aka rufe min baki da nono. Lokacin da aka fara ba ƙanena, ina tsaye a tsakar gidan, na san yadda ruwan ya yi da ni, ban kuma sake buɗe bakin ba.