Gurbin Hannun Inna

Inna ta makance tun ina budurwa, amma a gidanmu na Matamaye ba wanda ya taɓa yi mata jagora. Daga ɗakinta zuwa randa, daga randa zuwa bayan gida, sai ta dafa bango ta tafi abinta. In ka kuskura ka kama mata hannu, ranar ka sha faɗa.

Gidan na ƙasa ne, kakanmu ya gina. Da damina ta ci gindin katanga har ruwa ya fara kwana a tsakar gida, Yayanmu da ke Yamai ya ce a gyara, amma kar a sake wa gidan kama. Shi Yaya komai nasa sai da iyayi. Maimakon magini da igiyar awo, sai ga injiniya ya turo mana da wani mashin na awo mai ƙafa uku. Kan mashin ɗin yana juyawa yana harba wani haske, lazar ake ce masa, yana auna duk abin da ya taɓa. Aka kore mu waje, har kaji, wai mai motsi yana ɓata awo. Inna ta ce, "To, yau kuma a gidan mijina ake korata."

Washegari injiniyan ya buɗe ordinatar, wato kwamfuta, sai ga gidanmu a ciki, har ƙusar da muke rataya faifai. Inda bango ya lalace ya fito ja. Na ga wani jan layi siriri ya bi katanga daga ƙofar Inna har bayan gida.

"Tanti, nan bangon ya zaizaye, za a cike shi," ya ce mini.

Na fita na shafa wurin. Wani ɗan kwarmi ne mai santsi, daidai faɗin yatsu. Hannun Inna ne ya ci shi. Mu masu ido muna wucewa kullum, ko sau ɗaya ba mu lura ba. Na tsaya nan na yi kuka.

A waya na ce wa Yaya duk wanda ya cike wurin nan, ni da shi ne. Ya ce na cika rigima. Injiniyan dai ya ce abu mai sauƙi ne, tun da awon yana hannu, za a mayar da gurbin cikin siminti daidai inda yake. Muka kai Inna Kurni wurin ƙanwarta har aka gama aiki.

Sun cika alkawari kuwa, gurbin ya dawo ko kaucewa bai yi ba. Abin da ba wanda ya tuna, har ni mai baki, shi ne an ɗaga daɓen tsakar gida da kusan taƙi guda saboda ruwa.

Ranar da Inna ta dawo, ta fito daga ɗaki ta miƙa hannu inda ta saba. Sai siminti sumul. Ta shafa gaba, ta shafa baya. Na ce, "Inna, yi ƙasa kaɗan." Ta sunkuya ta taɓa shi, ta miƙe.

"Wannan na yara ne. Ni ban rankwafa haka ba."

Sannan a hankali ta ce, "Zo ki kai ni." Ban taɓa jin kalmar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Na ce a sake wani gurbin a sama, ta hana, ta ce an taɓa mata gida ya isa haka. Tun daga nan ni ke kai ta ko'ina, har bayan gida, tana kawar da kai don kunya.

A shekararta ta ƙarshe ciwon baya ya lanƙwasa ta. Wata safiya ina tankaɗe, na ɗaga kai sai na gan ta ita kaɗai tana bin bango, yatsunta cikin gurbin, sun zauna daidai. Ta ji na daina tankaɗen.

"Yi zamanki," ta ce, "na gane hanya."

Ban yi murna ba, wallahi. Ina kallon kanta ne, wanda a da yake kai wa ƙusar faifai, yanzu ko kusa bai kai ba.