Keken Ɗinkin da Na Kai Manfuha

Shekarar da aka fara ba da izinin kiɗa a fili a Riyad, wata ƙungiyar wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe ta ɗauke ni cikin makaɗanta. Direba ne ni, amma na iya jita tun a Jos. Wadda suka ba ni kuwa ba ta ratayawa ba ce. A kwance take kan ƙafafu huɗu kamar tebur, ana goga guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, ƙafa tana taka feda.

Na kai ta ɗakinmu a unguwar Manfuha. Abokin zamana, wani dattijo ɗan Maraɗi da carbi ba ya barin hannunsa, ya zagaya ta ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Keken ɗinki ne, Baba."

Washegari ya miƙo mini jallabiyarsa da ta yage a hammata. Na lallaɓa kasuwar Dira, wani tela ya ɗinke. Kafin wata ya ƙare, duk yagaggen wandon da ke benenmu ya biyo ta hannuna.

Da na gaji na faɗa masa gaskiya. Ko a jikinsa.

"Ɗana, ni fa jikan makaɗa ne. Tun ranar farko na gane ta. Jona ta da lantarki mu ji."

Na jona, na ja ƙarfen, ta saki dogon kukan nan nata. Ya ce kamar akuyar da aka raba da ɗanta, amma in sake. Na yi ta sakewa har aka kira la'asar.